Toshewar jijiyar zuciya: hoton waje, na cikin jijiya, ko na'ura mai sansano radiyeshon?

Idan likita a Gombe ya ce yana zargin jijiyoyin zuciyar mutum sun fara cushewa, kafin a kwana biyu dangi sun rabu gida uku. Wani zai ce a tafi Abuja a zura bututu a gani da ido. Wani zai ce akwai hoton CT, ba huda ba kwanciya. Sai ɗan bokon gidan ya zo da wayarsa, ya ce ya ga labarin wata na'ura da ake zurawa cikin jijiya tana sansano radiyeshon, tana nuna kitsen da zai fashe tun bai fashe ba, don haka a nemi biza a nufi Indiya ko Masar. Kowannensu alheri yake nufi. Sai dai awon nan uku kowanne da tambayar da yake amsawa, kuma ɗaya daga cikinsu ko da buhun kuɗi aka je ba a sayar da shi a asibiti.

Kitsen da ake magana a kai a cikin bangon jijiya yake zaune, ba a ramin da jini ke bi ba. Kolestarol ne ke kutsawa ƙarƙashin shimfiɗar ciki ta jijiya, musamman inda hawan jini, ciwon suga ko hayaƙin sigari suka riga suka raunata ta. Ƙwayoyin garkuwar jiki su biyo shi su yi ta haɗiya har su cika su mutu a wurin, jiki kuma ya lulluɓe tarin da wata 'yar fata. Da shekaru suka miƙa, wani curin ya taurare da kalsiyam ya matse hanya. Shi ne ke sa ƙirji ya yi nauyi idan an hau tudu ko ana sauri kada a rasa jam'i, ya lafa da an tsaya. Wani curin kuwa bai matse hanya sosai ba, amma cikinsa ruwa-ruwa ne, ga kumburi, ga fatar samansa siririya. Kamar ƙurjin da ya nuna yake: ranar da ya fashe, jini ya daskare a kansa cikin mintuna, hanya ta rufe ruf, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Masu binciken zukatan mamata sun gano cewa fatar irin wannan curi ba ta kai maikiron 65 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Tambayoyin ke nan biyu: nawa hanya ta matse, kuma wane curi ne ke shirin fashewa. Wasu awon sun ƙware a ta farko, wasu suna ƙoƙarin amsa ta biyu.

Amma akwai wadda ta riga su duka: shin kitsen ne ma? A yankinmu yawancin abin da ake kira ciwon zuciya hawan jini ne da aka bari ya kaurara naman zuciya har ta gaji. Akwai ciwon da ke kama mata bayan haihuwa, wanda tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta yawansa a ƙasar Hausa. Akwai lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da bututun cikin jijiya zai warware. Awon ECG mai rubuta bugun zuciya a takarda, hoton eko mai nuna zuciya ta hanyar sauti, da gwajin jini na kitse, suga da ƙoda su ne ke rarrabewa, kuma ana yin su a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. Duk wanda ya tsallake wannan mataki ya sayi tikitin jirgi ya yi gaggawa. Abin lura ɗaya: ECG ɗin da aka yi mutum na kwance ba ya jin ciwo kan fito lafiya lau ko da akwai toshewa, don haka kada a riƙe takardar a ce an warke.

Duk wannan kwatance na wanda ciwonsa ke zuwa yana tafiya ne. Wanda ƙirjinsa ya danne ya ƙi saki har minti goma sha biyar ko ashirin, yana zufa, yana jin abin har hannun hagu ko muƙamuƙi, ba zaman shawara ake yi a kansa ba. Asibiti mafi kusa da ke da ECG, nan take.

Hoton CT iri biyu ne, kuma mutane na haɗa su. Na farko kalsiyam kawai yake ƙirgawa, da ma'aunin da likita Arthur Agatston ya fitar a Amurka a 1990. Ba allura, ba a ɗaukar lokaci. Idan ya nuna sifili, haɗarin shekaru masu zuwa kaɗan ne. Idan ya haura 100 magana ta fara nauyi. Ya wuce 400 ta yi tsanani. Ya dace da mutumin da ba ya jin komai amma ya kai shekara hamsin, yana da hawan jini, mahaifinsa ya rasu farat ɗaya, kuma ana kai-kawo kan ko ya fara maganin rage kitse. Rauninsa a fili yake: curin nan mai laushi da bai taurare ba, ba ya ganinsa.

Na biyu shi ne wanda ake yi da ruwan aidin, ruwan da ke sa jijiyoyi su fito a hoto, ta jijiyar hannu. A ba mutum ƙwaya ta sassauta bugun zuciya zuwa kusan 60 a minti, a manna masa wayoyi a ƙirji, a ce ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu. Ɗumi zai ratsa shi daga maƙogwaro har mara, wasu su zaci fitsari ya kufce musu, alhali ruwan ne kawai. Wannan hoto yana nuna ramin jijiya da bangonta tare, mai tauri da mai laushi. Inda ya fi ƙarfi shi ne wajen wanke zargi: idan ya ce jijiyoyi a buɗe suke, da wuya a samu saɓanin haka, an huta da bututu. A binciken SCOT-HEART na Sikotlan, mai mutum 4,146, waɗanda aka yi wa wannan hoto kashi 2.3 cikin ɗari ne suka mutu da ciwon jijiyar zuciya ko suka samu bugun zuciya cikin shekara biyar, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 3.9. Hoton bai warkar da kowa ba. Abin da ya faru shi ne an ga kitsen da wuri, an fara ba mutane magani. Inda yake gazawa kuwa, jijiyar da kalsiyam ya cika, bugun zuciya marar tsari, da ƙoda mai rauni. Kuma ba kowace na'urar CT ke iya wannan aiki ba. Wadda ke ɗaukar hoton kai da ciki lafiya lau tana iya kasa bin zuciya mai motsi. A tambaya ƙarara: na'urar ta kai mai yanka 64, tana ɗauka daidai da bugun zuciya, kuma wa zai karanta hoton?

Sai anjiyogiram, wanda mutane ke kira zura bututu. Tun 1958 da Mason Sones ya fara shi a Kilibilan ta Amurka, shi ne alƙalin matsewar hanya. Mutum idonsa biyu ake yi. A kashe fatar wuyan hannu da allura, a shigar da siririn bututu ya bi jijiya har bakin zuciya, ba a jin tafiyarsa. A fesa ruwan aidin, sai rassan jijiyoyi su bayyana baƙaƙe a allo, inda ya matse ya tsuke. Bayan an gama a ɗaure wuyan hannun da wani madauri mai iska na 'yan sa'o'i. Babbar fa'idarsa ita ce a zama ɗaya ana iya buɗe wurin da balan-balan a saka sitent, 'yar ragar ƙarfe da ke tokare jijiya. Haɗari mai tsanani a awon kansa bai kai ɗaya cikin ɗari ba, amma akwai shi: zubar jini, shanyewar ɓarin jiki, taɓuwar ƙoda.

Abin da ba a cika gaya wa dangi ba shi ne anjiyogiram inuwar ramin jijiya kawai yake nunawa. A 1987 Seymour Glagov ya nuna cewa jijiya kan buɗa ta waje don ta ba curi wuri, ramin kuma ba ya fara tsukewa sosai sai kitse ya ci kusan kashi 40 cikin ɗari na faɗin wurin. Ke nan ana iya cewa hanya a buɗe take, alhali bango cike yake. Na biyu, ganin matsewa ba ya nufin lallai a saka ƙarfe. Binciken ISCHEMIA da aka wallafa a 2020, mai mutum 5,179 masu ciwon da ya daidaita, bai nuna cewa gaggauta bututu da sitent ya rage mutuwa ko bugun zuciya fiye da magani mai kyau ba. Abin da ya rage shi ne ciwon ƙirji ga masu fama da shi. A ganina wannan bincike ya fi kowanne amfani ga mutumin Kumo ko Dukku da ake shirin sayar masa da gona.

Saboda makantar anjiyogiram game da bango ne aka ƙirƙiro na'urorin da ke leƙawa daga ciki. Ba awo ne masu zaman kansu ba; a lokacin anjiyogiram ake zura su bisa wata siririyar waya, a ja su baya a hankali suna ɗauka. IVUS da sauti yake aiki, irin na hoton ciki na masu juna biyu, an dai ƙanƙanta shi. Yana ratsa bango gaba ɗaya, ya nuna girman curi da ainihin faɗin jijiya, amma abin da bai kai kusan maikiron 100 ba yana shige masa, don haka fatar nan siririya ta fi ƙarfin idonsa. OCT da haske yake aiki, kuma ya fi IVUS kaifin gani kusan sau goma, har kaurin fatar curi yana aunawa. Sai dai ba ya nisa cikin bango, milimita ɗaya zuwa biyu ne, kuma dole a kore jini da ƙarin ruwan aidin kafin ya gani, abin da mai ciwon ƙoda ba ya so. Akwai na uku, NIRS, mai gane inda maiƙo ya taru ta yadda bango ke shan haske. Idan an riga an yanke shawarar saka sitent, musamman a babbar jijiyar hagu, a doguwar toshewa ko a mararraba, ƙarin kuɗin IVUS ko OCT ya cancanta, domin su ne ke tabbatar da ragar ta yi daidai kuma ta buɗe sosai. Mai raunin ƙoda ya fi karkata ga IVUS. Amma a zura su don farautar curi a jikin mai lafiya, wannan wata magana ce. A binciken PROSPECT na 2011, mai mutum 697, ko curin da ya haɗa dukkan alamun haɗari, ƙasa da ɗaya cikin biyar ne ya jawo matsala cikin kusan shekara uku. Wani bincike na Koriya ta Kudu, PREVENT, ya nuna a 2024 cewa saka sitent a irin wannan curi tun bai toshe hanya ba ya rage aukuwar matsala cikin shekara biyu, kuma likitoci na ci gaba da muhawara a kansa.

Dukkan waɗannan siffar curi suke gani. Na'ura mai sansano radiyeshon tana neman wani abu daban, wato ko curin yana ci da wuta a ciki. Dabarar tana da kyau ƙwarai, kuma ta cancanci a fahimce ta. Ƙwayoyin garkuwar da suka taru a curi mai kumburi mayunwata ne, suna shan suga fiye da naman da ke kewaye da su. Sai a haɗa wani suga na musamman, FDG, a liƙa masa sinadarin fulorin-18 mai fitar da radiyeshon, a yi wa mutum allurarsa. Ƙwayoyin su sha, ya maƙale a cikinsu, wurin ya riƙa fitar da 'yan ƙwayoyin da ake kira fozitiron. Na'urar PET tana kama wannan daga wajen jiki, kuma tun 2002 masu bincike a Kambirij ta Ingila suka nuna haka a jijiyar wuya. A zuciya ne abin ke wuya. Jijiyarta ba ta wuce milimita uku zuwa huɗu ba, ba ta tsayawa cik, idon PET bai cika rarrabe abin da ya gaza milimita huɗu ko biyar ba, ga naman zuciya shi ma mashayin suga ne, haskensa yana rufe na curin.

Daga nan tunanin ya zo: a kai mai sansanon har bakin curin. A kan siririn bututu ake ɗora wani ɗan abu da ke ƙyalli idan fozitiron ya buge shi, zaren gilashi ya ɗauko ƙyallin zuwa na'urar ƙirge a waje. Fozitiron na fulorin-18 ba ya tafiyar da ta wuce milimita biyu da 'yan kai a cikin nama, don haka abin da kan bututun ya ji daga bangon da yake gogawa ya fito. Ana jan bututun baya, ƙirgen na hawa yana sauka, inda ya yi tsalle nan kumburi yake. Ba hoto yake bayarwa ba, lamba ce. An gwada shi a kan dabbobi a farkon shekarun 2000 a Amurka da Japan, har da zomayen da aka san su da taruwar kitse a jijiya, kuma ya rarrabe wurin ciwo da lafiyayye.

Inda ya tsaya ke nan. Kan bututun dole ya zama ƙarami don ya shiga jijiya, ƙanƙantarsa kuwa na rage abin da yake kamawa. Jinin da ke wucewa yana ɗauke da sauran sugan. Naman zuciya na aiko da hasken gamma mai ratsa komai, yana dagula ƙirgen. Mutum kuma ya ɗauki nauyi biyu a rana guda, na huda jijiya da na allurar radiyeshon. Har yau na'urar ba ta shiga aikin yau da kullum na asibitoci ba, a nan ko a waje, kuma ba ta cikin ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya ke bi. Ga mu nan kuma akwai wani shinge na daban. Fulorin-18 a injin sayikulotiron ake yin sa, kuma duk minti 110 rabin ƙarfinsa ke tafiya. Bayan awa goma sha ɗaya saura kashi ɗaya cikin 64. Abin da aka haɗa a Legas aka ɗora a mota, kafin ya iso Gombe kusan babu abin da ya rage a cikinsa. Wanda aka yi wa tayin wannan awo a wata ƙasa ya tambaya a rubuce ko gwajin bincike ne. Idan shi ne, akwai takardar amincewa da za a karanta masa, kuma ba shi ya kamata ya ɗauki nauyin kuɗin gwajin ba. Kada kuma a rikita shi da wata tsohuwar hanya ta saka radiyeshon a cikin jijiya don hana sitent sake toshewa. Waccan magani ce, wannan awo.

Ina fatan wannan bincike ya kai gaci, domin tambayar da yake bi ita ce wadda ke kashe mutane ba sallama. Amma ko yau aka kawo na'urar Gombe ta nuna curi mai zafi, abin da likita zai fara rubutawa shi ne abin da zai rubuta ba tare da ita ba: sitatin mai ƙarfi, wato maganin rage kitse, maganin hawan jini kullum ba sai kai ya yi ciwo ba, daidaita suga, barin sigari da shisha, rage gishiri da dunƙulen miya, tafiyar ƙafa. Aspirin kuma sai likita ya ce, domin yana iya jawo zubar jini a ciki.

Game da tsoron radiyeshon, ga ma'auni. Ɗan Adam na shan kusan milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa, iska da sararin sama. Awon kalsiyam kusan 1 ne. CT mai ruwan aidin a sabuwar na'ura 'yan milisibat ne, a tsohuwa yana iya haura 10. Anjiyogiram na tsakanin nan, PET da CT a haɗe ya fi su. IVUS da OCT su kansu ba sa fitar da komai, sai hoton da ake jagorantar su da shi. Ga dattijo mai ciwon ƙirji wannan ba abin fasa awo ba ne. Ga mace mai ciki ko mai zaton ciki, a faɗa tun a bakin ƙofa.

To wa zai zaɓi me? Wanda ba ya jin komai, awon jini da na hawan jini sun ishe shi, sai awon kalsiyam idan ana shakka. Wanda ke jin nauyin ƙirji lokaci-lokaci, ba a taɓa tabbatar masa da ciwon ba, ƙodarsa lafiya, CT mai ruwan aidin ya fi masa sauƙi da amfani, ko awon ECG da ake yi mutum na tafiya a kan inji idan shi ne ke kusa. Wanda ya riga ya samu bugun zuciya, ko ciwon na zuwa yana zaune, ko magani ya kasa riƙe shi, ko CT ya nuna matsewa a babbar jijiyar hagu, shi ne na anjiyogiram, kuma kada a ja masa lokaci.

Yawancin ɗakunan da ake wannan aiki a Najeriya suna Abuja da Legas, don haka tafiya ce, kuma gara a yi ta sau ɗaya. Na ga wata 'ya ta zauna gaban likita da takarda a hannu, mahaifinta na gefe yana jan carbi. Ta ce, "Likita, idan an ga toshewa, a nan take za a buɗe, ko sai mun sake dawowa? Kuɗin da aka faɗa mana na gani ne kawai, ko har da ƙarfen? Idan biyu ake bukata fa?" Tsohon ya ce, "Ke dai bar likita ya yi aikinsa." Ta ce, "Baba, aikinsa nake taya shi." Tambayoyinta su ne daidai, sai a ƙara biyu: akwai IVUS ko OCT idan an bukata, kuma idan jijiya uku suka toshe, musamman ga mai ciwon suga wanda tiyata kan fi yi wa amfani, ina za a tura shi?

A lissafa da abin da ke bayan sitent tun kafin a tashi. Magani biyu na hana jini daskarewa ake sha tare, galibi wata shida zuwa shekara, kuma yanke su da wuri saboda kuɗi sun ƙare na iya toshe ragar gaba ɗaya. A tabbatar ana samun su a kantin magani a Gombe ko Bauchi, a tambayi yadda za a sha su da azumi. A tafi da sakamakon gwajin ƙoda na kwanan nan da jerin duk abin da ake sha, har na gargajiya. Mai shan maganin suga na metformin ya faɗa kafin a yi masa ruwan aidin. A dawo kuma da hoton kansa a faifai, ba takardar rahoto kaɗai ba, domin likitan da zai ci gaba da duba mutum a gida ya ga abin da aka gani.